Tseren keke: me ya sa ake yanke wa matashi hukunci tun bai kai ashirin ba?

A unguwannin Agege da Oyingbo na Legas, ƙwallon ƙafa ce ke cika gidajen kallo, ba tseren keke ba. Amma a watan Yulin 2024 sunan wani ɗan Eritiriya ya ratsa wayoyin mutane. Biniam Girmay, mai shekara 24 a lokacin, ya ci zango uku a gasar Tour de France, ya kuma tafi da koriyar riga ta gwanin maki. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a wannan gasa. Daga nan gardama ta tashi: masoya na cewa saura kaɗan ya ɗauki gasar ɗungurungum, masu shakka na cewa a daina mafarki.

A ganina masu shakka sun fi gaskiya a kan Girmay, kuma faɗin haka ba rage masa daraja ba ne. Manyan gasannin zagaye uku ne: Giro ta Italiya, Tour ta Faransa, da Vuelta ta Sifaniya. Kowace mako uku ake yi, zango 21, tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Wanda jimillar lokacinsa ta fi kaɗan shi ke cin gasa, kuma a kan tsaunuka ake raba gari. Shi kuwa Girmay gwanin fizgar ƙarshe ne. Yakan lafe a bayan abokan ƙungiyarsa suna kare masa iska har tsawon sa'o'i huɗu ko biyar, sai an zo mita 200 na ƙarshe ya miƙe daga kan sirdi ya taka da iyakar ƙarfinsa. Jikin da ke yin wannan yana da nauyi a kan dutse. Shi ya sa a shekarar da ya yi bajintar, Tadej Pogačar da ya ci gasar ya ba shi tazarar sa'o'i.

Abin da ya fi damuna shi ne sauyin da ya haifar da irin wannan gardama tun farko. A da, sai ɗan tsere ya doshi shekara talatin ake sa masa ran cin babbar gasa. Yanzu Egan Bernal na Kolombiya ya ci Tour a 2019 yana da 22, Pogačar ya ci a 2020 yana da 21, Remco Evenepoel ya ɗauki Vuelta a 2022 yana da 22. A 2025 Isaac del Toro na Meziko, ɗan shekara 21, ya riƙe jagorancin Giro har zuwa zango na ashirin kafin Simon Yates ya ƙwace a kan dutsen Finestre.

Babban dalili shi ne na'ura. Akwai ƙaramin ma'auni da ake ɗaurawa a keke yana ƙirga ƙarfin da ƙafa ke fitarwa. Yaro ɗan shekara 16 a Beljiyam ko Sulobeniya yana da kocin da ke duba alƙalumansa ta intanet, da mai tsara masa abinci. Ƙungiyoyi ba sa jira ya girma, da sun ga alƙaluma sai su sa masa hannu a kwantiragi mai tsawo kafin wata ta riga su. Illar wannan a kan yaran Turai sananniya ce: matsi, gajiya, wasu su ajiye keke tun ba a je ko'ina ba. Illarsa a kan namu yaran ta fi muni, don ƙofar tana rufewa kafin su san da ita. Wanda ya fara hawa keken tsere yana ɗan shekara 20 ya makara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Eritiriya ta daɗe da gane haka. Tun zamanin mulkin Italiya keke ya zama wasan ƙasa, birnin Asmara kuma yana kan tsayin mita 2,300, inda huhu ke sabawa da ƙarancin iska. Ɗan ƙasar, Daniel Teklehaimanot, ya sa rigar gwanin tsaunuka a Tour ta 2015. Girmay kansa ya je cibiyar horo ta hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a Suwizalan a 2018, a shekarar ma ya doke Evenepoel a wani tseren matasa. Ba daga sama ya faɗo ba.

Mu fa? A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye ce 'yar Najeriya ta farko da ta yi tseren keke, kuma sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Alhali muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun 2003. Muna da tudun Jos da na Mambila. Burkina Faso tana gudanar da Tour du Faso tun 1987, Ruwanda kuma ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya a Kigali a Satumban 2025, karo na farko a Afirka.

Ƙarfi kam akwai shi. Duk wanda ya ga matashi yana tura kurar ruwa mai jarka goma a lungunan Agege, ko yana kutsawa da keke ɗauke da kaya tsakanin motocin danfo a Oyingbo, ya san ba juriya muka rasa ba. Sai dai Legas shimfiɗaɗɗiya ce, titunanta a cunkushe, keken tsere na ƙwararru kuma yakan haura dala 10,000. Yaron da ke neman na abinci ba zai sayi ko ƙafa ɗaya ba.

Don haka kira na ga Hukumar Tseren Keke ta Najeriya da gwamnatocin Legas, Filato da Kano: a kafa gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da za a riƙa yi duk shekara ba fashi, a tanadi kekunan aro, a kai waɗanda suka yi fice sansanin horo a Jos. Attajiranmu na Agege da ke ɗaukar nauyin ƙwallon unguwa su ma su ware wa keke nasa kason.