Injin Yana da Araha, Hannun da Ke Riƙe Shi Ne Mai Tsada

Duk wanda ya taɓa kai mota wanki ya san injin nan mai ƙugi, da dogon tiyo, da bindigar ruwa da ke kankare taɓo cikin ƙiftawar ido. A Amurka da shi ake wanke gidaje sukutum, daga bango har daɓen ƙofar gida. Sana'ar ta fi kasuwa a jihohin kudu irin su Florida da Jojiya, inda zafi da laima ke sa gansakuka ta lulluɓe bango. A unguwanni da yawa ma akwai ƙungiyar masu gidaje da ke aiko wa mutum takardar gargaɗi idan gidansa ya yi dauɗa, wani lokaci har da tara. Takardar nan ba ƙaramin ciniki take kawo wa masu wanki ba.

Injin ba sabo ba ne. Tun cikin shekarun 1920 Frank Ofeldt ya ƙera mai aiki da tururi a Pennsylvania, sannan a 1950 Alfred Kärcher ya fito da mai ruwan zafi a Jamus, sunan da har yau ke jikin injuna. Yanzu kuwa saurayi mai ɗan jari da motar a-kori-kura yana iya sayen nasa da safe, ya fara buga ƙofofi da yamma. Shi ya sa masu shiga suke da yawa, masu daɗewa kaɗan.

Wahalar tana farawa ne ranar da maigida ya ɗauki yaro na farko. Abin da hannunsa ya sani ba tare da tunani ba, yanzu dole ya koyar da shi da baki. Darasin farko ma ya saɓa wa sunan sana'ar: ƙarfin ruwa ba shi ke wanke gida ba. Sabon shiga yakan yi alfahari da injin da ke bugun 4,000 a ma'aunin ƙarfin ruwa na PSI. Tsohon hannu kuwa tambayarsa ita ce galan nawa yake zubarwa a minti, 4 ko 8, domin yawan ruwan ne ke sa aiki sauri. Ƙarfin nan sai kan siminti. Bango da rufi ana yi musu wankin lallami ne: a fesa ruwan bilic da aka surka da sabulu, a bar shi ya kashe gansakuka, a ɗauraye a hankali. Baƙaƙen zanen da ake gani a rufin kwalta ba ƙura ba ce, wata ƙwayar halitta ce mai suna Gloeocapsa magma, kuma wanda ya tunkare ta da ƙarfin ruwa zai kankare tsakuwar da ke kare rufin ne kawai.

Kawunan bindigar launi-launi ne: fari mai faɗin digiri 40, kore 25, rawaya 15, ja kuma sifiri, wato ruwan ya fito tamkar allura. Wasu masu kamfani ba sa barin jan a mota sam. Yana iya zana layi a katako da ba ya gogewa, ya fasa gilashi, ya huda fata. Raunin yakan zama kamar ɗan ɗigo daga waje, alhali ruwa da datti sun shige can cikin tsoka, sai an kai ga tiyata.

Sai furanni. Bilic ba ya bambance gansakuka da furen da matar gida ta yi shekara biyar tana reno. Don haka akan sa mutum ɗaya ba ya komai sai jiƙa shuke-shuke kafin feshi, da lokacinsa, da bayansa. Mai kallo zai ce yaron nan zaman banza yake yi. A ganina shi ne ya fi kowa tsare wa kamfani mutunci.

Hukuma ma tana da nata. Dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta hana tura gurɓataccen ruwa cikin magudanar ruwan sama, domin tana zarcewa rafi ne ba tare da tacewa ba. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma yana iya kasancewa da fenti mai gubar dalma, wanda ƙarfin ruwa zai watsa a tsakar gidan da yara ke wasa. Akwai kuma jarabar rubuta ma'aikaci a matsayin ɗan kwangila don kauce wa haraji. Idan kai ke sa masa lokaci, kai ka ba shi inji da mota, hukumar haraji ta IRS tana iya cewa ma'aikacinka ne, ta biyo bashi. Inshorar raunin ma'aikata wajibi ce a kusan dukkan jihohi, Texas ce fitacciyar da ta bar wa kamfani zaɓi.

Abokin ciniki kuwa sau da yawa ba ya gida lokacin aiki. Abin da ya tarar da yamma shi ne shaidarsa. Shi ya sa ma'aikaci mai wayo yake zagaya gida da waya kafin ya tayar da inji, ya ɗauki hoton tsohuwar tsaga a taga da fentin da ya riga ya koɗe, ya tabbatar an rufe tagogi, ya manne soket ɗin waje. Datti kan ɓoye aibi. Da an wanke ya bayyana, sai a ce kai ka yi. Ƙorafi ɗaya a Google kuma yana nan shekara da shekaru, maƙwabta na karantawa. Nan mai kamfani ke gane cewa ya bar riƙon bindiga ya koma riƙon waya, domin mai neman farashi yakan kira kamfani biyu ko uku, ya bai wa wanda ya fara ɗagawa.

A jihohin arewa sanyi na tsayar da aiki watanni, ruwa ya daskare a famfon inji. Wasu sukan koma rataya fitilun Kirsimeti ko kwashe dusar ƙanƙara, ba don ribar tana da yawa ba, sai don kada yaron da aka yi wata shida ana koya wa jiƙa furanni ya tafi wani kamfanin kafin watan Maris.