Kafin A Ɗaura Sabon Gasket, A Auna Fuskar Inji

Sau da yawa direba yakan sayi sabon gasket, bayan mako biyu mota ta koma zafi, ruwan lagireto ya gauraye da baƙin mai. Galibi fuskar injin, wato inda gasket yake zama, ita ce ta lanƙwashe ko tsatsa ta ci ta.

Bakanike na ƙwarai yakan kankare fuskar tas, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kanta, ya zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa. A injuna da yawa, in ratar ta wuce milimita 0.05, tilas a kai wa masu na'urar goge ƙarfe su daidaita ta.

Saboda haka mai mota ya tabbata an auna kafin a ɗaure noti. Rigakafi ya fi magani.