Me Ke Kawo Warin Baki Duk da Tsafta?

Sau da yawa akan sami ɗalibi mai tsafta, wanda ba ya rabuwa da asuwaki da makilin safe da yamma, amma da zarar ya buɗe baki sai abokan zamansa su kau da kai. Wasu su ce ƙazanta ce, wasu su ce daga ciki warin yake tasowa. Binciken kimiyya ya nuna cewa duka biyun ba kasafai suke zama dalili ba.

A cikin kowane mutum 10 masu wannan larura, kimanin 8 zuwa 9 daga cikin bakin nasu warin yake fitowa, musamman daga can ƙarshen harshe, inda asuwaki ba ya kaiwa. Wurin yana da ƙananan ramuka, inda ɓurɓushin abinci da majina da matattun ƙwayoyin halitta ke taruwa. A nan ne wasu ƙwayoyin bakteriya waɗanda ba sa son iska suke zaune, suna ruɓar da wannan tarkace, suna fitar da iskar da ke ɗauke da sinadarin farar wuta, mai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Masanin nan Joseph Tonzetich, na Jami'ar British Columbia a ƙasar Kanada, shi ne ya tabbatar da haka a shekarun 1970. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan kuma ɓuya a ƙarƙashin dasashi mai ciwo, ko cikin kogon haƙori.

Dalili na biyu shi ne bushewar baki. Jiki yakan samar da yawu rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana, shi ne kuma yake wanke baki. Idan ya ragu, kamar lokacin barci, ko azumi, ko numfashi ta baki, ko shan taba da wasu magunguna, sai ƙwayoyin su sami sarari.

Akwai kuma warin da asalinsa ba baki ba ne. Mura mai daɗewa takan zubo da majina a bayan maƙogwaro. Yaro kuwa yakan cusa wake ko takarda a hanci, abin ya ruɓe a can. Sinadarin tafarnuwa yana shiga jini, ya fito ta huhu, shi ya sa goge baki ba ya kawar da shi. Mafi haɗari shi ne na ciwon sukari da ya tsananta, wanda kan sa numfashi ya yi tsamin 'ya'yan itace, da na ciwon ƙoda, mai zarni kamar fitsari.

Saboda haka sai a riƙa kankare harshe a hankali, a kuma yawaita shan ruwa. Idan warin ya ƙi tafiya bayan 'yan makonni, likitan haƙori ne farkon wanda ya kamata a gani. Malamin da ya lura da irin wannan ɗalibi kuwa, ya keɓe shi ya ba shi wannan shawara, kada ya bari 'yan aji su mai da shi abin ba'a.