Gidajen Sarakuna na Karkara a Ƙasar Kano: Bunƙasarsu da Dushewarsu

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin duba gidajen da sarakunan Kano suka gina a bayan birni, kamar na Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, mu ga abin da ya ɗaukaka su da abin da ya rage musu ƙarfi.

Asali da Tasiri

Tun farko ba don hutawa kawai aka gina su ba. Alal misali, Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846) ya mai da Fanisau ribaɗi, watau sansanin tsare Kano daga harin Ɗan Tunku ta arewa. A can ne Baturen nan Kilafatin ya iske shi a 1824. Amma ginshiƙin irin wannan gida shi ne gandu. Bayi suke noma shi a ƙarƙashin sarkin gandu, hatsin kuma ya ciyar da fada da baƙi da dawaki. Saboda haka soro da rumbu tare suke tashi, tare suke faɗuwa.

Dalilan Dushewa

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, dokarsu ta 1901 ta fara aiki a ƙasar, wadda ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan watan Maris na shekarar. Waɗansu bayi suka gudu, waɗansu suka fanshi kansu da murgu, har aka soke bauta ɗungurungum a 1936. Daɗin daɗawa, kafa baitulmali ya sa sarki ya koma kan albashi, isowar jirgin ƙasa a 1911 kuma ta ja talaka ga noman gyaɗarsa. Daga bisani Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna.

Haka ta faru a ƙasar Ailan, inda dokar 1903 ta ba manoma 'yan haya damar sayen gonakin masu manyan gidaje. Sai dai can an ƙone fiye da 200 tsakanin 1919 da 1923, nan kuwa sarauta ta riƙe nata.

Kammalawa

Abin lura shi ne, ginin ƙasa ba ya jure rashin yaɓe, tarihin baka kuma ba ya jure mutuwar tsofaffi. Idan ba mu rubuta labarin waɗanda suka noma gandayen nan daga bakin jikokinsu ba, za mu gaji soraye, mu rasa tarihin masu gina su.