Hayaƙin Marsandin Kawu

Da shigowar hunturu Marsandin kawuna ta fara gardamar tashi. 240D ce mai shan gas, cikin jerin W123 da Jamus ta ƙera daga 1976 zuwa 1986. Kullum da safe sai yaran Alkalawa sun tura ta, in ta kama kuma ta turnuƙe layin da farin hayaƙi tana karkarwa. Da rana ta yi zafi, sai ta koma lafiya lau.

Masu ba da shawara kyauta, waɗanda Jimeta ba ta taɓa rasa su, suka yanke hukunci: zoben fistin ya cinye, a sauke inji. Kawu har ya fara lissafin sayar da sa guda.

Tsohon bakaniken da muka kai wa a hanyar Numan bai taɓa sifana ba tukuna. Tsugunawa ya yi bayan salansa ya shaƙi hayaƙin.

"Alhaji, tana shan baƙin mai?"

"Ko kaɗan."

"Ruwan lagireto fa?"

"Yana nan yadda na zuba shi."

Da baƙin mai take ƙonawa, in ji shi, da hayaƙin ya yi shuɗi. Da ruwa ke shiga ta gaskit, da lagireto na kumfa. Wannan kuwa yaji yake a ido, warin ɗanyen gas ne da bai ƙone ba. Injin gas ba shi da fulogi; iska yake matsewa har ninki 21, zafin matsin ne ke kunna man. Silindar da iska ke sulale mata ba ta yin zafin da ya isa, sai dai zafin Yola na watan Afrilu ya rufa mata asiri. Sanyin Disamba ya tona.

Hita huɗun duk suna ja. Ya tayar da mota, ya riƙa sassauta bututun noza ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya kwance, inji ya yi kamar zai mutu, ban da na uku: ko gezau. Ya musanya nozar da ta biyu, ciwon bai bi ta ba. Ma'auni ya tabbatar: matsin silinda ta ukun ya gaza ƙa'idar injin, ko bar 15 bai kai ba.

Saura a san ta ina iskar ke fita, kuma a nan ne na ga gwaninta. Ya kwance murfin zuba baƙin mai ya ɗora shi sako-sako inji na aiki. Da zobe ne, da hucin ƙasa ya sa murfin rawa. Bai motsa ba. Ya kashe mota, ya kai fistin na uku sama, ya hura iska ta ramin hita, ya ce in kasa kunne a salansa. Ga shi nan, fuuu.

Bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Ya cire murfin kan inji, ya zura siririn ƙarfen awo mai kaurin milimita 0.30, ya ƙi shiga. Shekaru ba a saita tafet ba, bawul ya nutse a mazauninsa har ratar ta ƙare, ba ya rufewa ruf.

"Baba, ya ƙone?" na tambaya.

"Gobe da asuba za mu sani."

Ya saita duka takwas ɗin, na shan iska a 0.10. Washegari bayan sallah kawu ya jira hita, ya murza makulli sau ɗaya ta tashi. Muka haye gadar Binuwai har Girei muka dawo, ma'auni ya haura 20.