Daga Darrasa Zuwa Kasuwar Kano: Yadda Marubuta Ke Fama da Sumba a Littafi

Duk ɗalibin Nijeriya ko Nijar da ya yi karatu a Azhar ya san unguwar Darrasa da ke gabashin tsohon birnin Alƙahira. A nan ofishin Shaihin Azhar yake, a nan kuma Darul Ifta take, wato hukumar da aka kafa a 1895 domin ba Misirawa fatawa a kan halal da haram. Idan mutum ya gangaro yamma da ƙafa, cikin 'yan mintoci zai isa masallacin Husaini da shagunan littattafai na bayan masallacin Azhar, inda aka daɗe ana sarin littattafan fiƙihu da tafsiri zuwa ƙasar Hausa. To, a cikin wannan 'yar tazara ce marubucin Masar Najib Mahfuz ya kafa labarinsa mai suna Zuƙaƙul Midaƙ, wato Lungun Midaƙ, wanda ya fito a 1947. A cikin littafin akwai sumba guda biyu da ya kamata duk mai rubuta labarin soyayya da Hausa ya zauna ya yi nazarinsu.

Dalili kuwa shi ne, fiye da shekara 30 ke nan ana jayayya a arewacin Nijeriya a kan iyakar da marubuci zai tsaya idan ya haɗa saurayi da budurwa a shafi guda. An yi ta a jaridu, an yi ta a kan mumbari, an yi ta a ofishin hukumar tace fina-finai. Galibi tambayar da ake yi ita ce: a rubuta ko kada a rubuta? Ba safai ake tambayar aikin da sumbar za ta yi wa labarin ba, alhali a nan ne ake rarrabe gwani da ɗan koyo.

Tauraruwar labarin Mahfuz, Hamida, marainiya ce kyakkyawa mai dogon buri, wadda wata mai dalilin aure ta riƙe a wani matsattsen lungu kusa da Azhar, a zamanin yaƙin duniya na biyu. Kullum da la'asar takan fita ta tarbi ƙawayenta, 'yan matan Darrasa da yaƙi ya buɗe wa ƙofar aikin masana'anta, suna dawowa da kuɗinsu da sababbin tufafinsu, ita kuwa tana haɗiyar yawu. A kan wannan hanya Abbas mai aski yake bin sawunta har ta saurare shi. Aka yi baiko, aka karanta Fatiha. Abbas ya yanke shawarar tafiya aiki a sansanin sojan Ingila da ke Tallul Kabir domin ya tara abin aure.

A daren ban kwana ne sumba ta farko ta auku, a kan matakalar gidan da take zaune, cikin duhun da mutum ba ya ganin tafin hannunsa, suna lallaɓawa don kada maƙwabta su ji motsi. Mahfuz bai ƙawata abin ba ko kaɗan. Saboda duhu da rawar jiki, bakin Abbas a kan hancinta ya fara sauka kafin ya lalubo inda ya nufa, kuma nan da nan ta zame ta haye sama. Layuka kaɗan ne. Amma mai karatu ya fita daga cikinsu da sanin abubuwa da yawa: yaron nan bai taɓa yi ba, tsoron idon jama'a ya fi ƙarfin su biyun, kuma abin da shi zai riƙe a zuci tsawon watanni a sansanin soja, ita ba zai hana ta barci ba.

Sumba ta biyu a cikin tasi aka yi ta. Ibrahim Faraj, wani ɗan gaye mai kwat da fara'a, wanda sana'arsa ita ce kai 'yan mata ga sojojin Turawa, ya ɗauki Hamida a mota karon farko a rayuwarta, ya fitar da ita daga tsohon gari zuwa manyan titunan Alƙahira masu fitilu. Shi babu lalube a tare da shi, ya san lokacin matsowa da lokacin ja da baya. Abin da ya taso wa Hamida kuwa gauraye ne na fushi da sha'awa da son faɗa, har ta ji kamar ta cije shi. Daga wannan mota ba ta sake zama 'yar lungu ba. An sauya mata suna, ta shiga karuwanci, Abbas kuma ya dawo ya same ta a mashaya tsakiyar sojojin Ingila, inda suka yi masa dukan da ya zama ajalinsa.

A ganina, abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin biyun da za a cire labarin ya tsaya da ƙafafunsa. Ta farko alkawari ce da mutum ɗaya kawai ya ɗauka da gaske, ta biyu kuwa ciniki ce. Marubucin ya fi ɓata tawada a kan matakala da duhu da kujerar mota da bugun zuciya fiye da yadda ya ɓata a kan leɓɓa, domin wurin da abin ya faru da haɗarin da ke tattare da shi su ne ke ba shi nauyi. Sumbar da ba ta jawo wa kowa asara ko riba ba, ba ta sauya ra'ayin kowa ba, ado ce kawai, kuma irinta ce ke sa mai karatu ya ji kamar an tura shi leƙen ɗakin mutane.

Shekara biyu bayan haka, a 1949, Mahfuz ya juya dabarar a littafinsa Bidaya wa Nihaya, wato Farko da Ƙarshe. A nan matashi Hasanaini ya shafe shekarun baiko yana roƙon budurwarsa Bahiyya sumba ɗaya tak, tana hana shi, tana cewa sai an ɗaura aure. Wannan hani shi ya tona asirin halinsa, domin da ya zama hafsan soja sai ya ga ta yi masa ƙauyanci, ya janye. Ashe sumbar da aka daɗe ana hanawa ma tana iya ɗaukar littafi guda a kanta. Wani abin ban sha'awa kuma, wannan mutum da ya rubuta waɗannan fitattun wurare shi ne aka naɗa shugaban sashen tace fina-finai na Masar a 1959. Ya ci kyautar Nobel a 1988, ya rasu a 2006, kuma a 2019 aka buɗe gidan tarihinsa a wani tsohon gini da ke daf da masallacin Azhar.

Ba kowane marubucin Masar ne ya bi ta wannan siririyar hanya ya wuce lafiya ba. Ihsan Abdulƙuddus, wanda ya rayu daga 1919 zuwa 1990, ya tashi tsakanin gidaje biyu: gidan kakansa, malami ɗan Azhar, da gidan mahaifiyarsa Ruzal Yusuf, 'yar wasan kwaikwayo mai mujallar da ke ɗauke da sunanta. Ya rubuta sirrin zukatan 'yan matan birni ba tare da kara ba, har masu suka suka laƙaba wa rubutunsa sunan adabin gado, kuma a shekarun 1960 maganar wani littafinsa ta kai har zauren majalisar dokoki. A 1969 aka fitar da fim ɗin Abi Fauƙash Shajara daga wani labarinsa, da mawaƙi Abdulhalim Hafiz da Nadiya Lutfi. Fim ɗin ya yi suna da yawan sumba, har ana ba da labarin 'yan kallo na ƙirgawa da ƙarfi a cikin silima. Idan har an kai ga ƙirge, to labarin ya riga ya tsere, an bar lissafi. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma sai iska ta juya, aka shiga yayin abin da Misirawa suka kira silima mai tsabta, inda 'yan wasa da dama suka riƙa gindaya sharaɗin ba za su sumbaci kowa a fim ba.

Kotuna ma sun sa baki. A 1985 wata kotun Alƙahira ta ba da umarnin ƙwace wani bugu na Alfu Laila wa Laila bisa zargin batsa, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1986. Wannan shi ne littafin da Hausawa suka sani da Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka buga da Hausa tun shekarun 1920, kuma wanda duk ya karanta fassarar ya san ba ta da kunya. A 2016 aka yanke wa matashin marubuci Ahmad Naji ɗaurin shekara biyu saboda wani babi na littafinsa da mujallar Akhbarul Adab ta buga, bayan da wani mai karatu ya kai ƙara yana cewa karatun ya sa zuciyarsa bugawa, jininsa ya sauka. Ya yi kimanin wata 10 a kurkuku kafin a sake shi, duk da cewa tsarin mulkin Masar na 2014 ya hana ɗaure mutum saboda aikin fasaha, in ban da wasu 'yan laifuffuka da aka ware.

A ƙasar Hausa kalmar ba baƙuwa ba ce. Almajirin da ya fara Ahalari ya ji malam ya ambaci sumba a cikin abubuwan da ke warware alwala, a zaure, gaban manya da yara, babu wanda ya sunkuyar da kai. Imam Suyuɗi na Alƙahira, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya aike wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, yana da littattafai a kan zamantakewar aure da suka fito da magana fili. Bambancin shi ne fiƙihu na faɗin hukunci, labari kuwa na sa mutum ya ji abin a jikinsa, kuma wannan jin ne iyaye da malamai ke tsoro. Tsoron yana da tushe, domin yawancin masu sayen littattafan soyayya na Kano 'yan mata ne da matan aure, wasu 'yan makarantar sakandare.

Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, marubutan Hausa sun samo nasu hanyoyin. Wasiƙa ta ɗauki nauyi mai yawa. Haka nan zance a zaure da ƙanwa 'yar rakiya tana zaune a gefe, da satar kallo ta ƙarƙashin mayafi, da ƙamshin turaren da ya rage a kan tabarma bayan saurayi ya tafi. In an kai daren farko, sai a kawo kaza da madara, a yi nafila raka'a biyu, marubuciya ta ce ita ma ta ja musu ƙofa ta fito. Masana sun sha yi wa wannan jan ƙofa dariya, amma ni ina ganin 'yar uwar duhun matakalar Mahfuz ce: an bar wa mai karatu ya ƙarasa da kansa. Inda take gazawa shi ne idan ta zama al'ada, kowane ango da amarya kaza ɗaya, addu'a ɗaya, ba a gane halin wannan daga na wancan.

Duk da wannan kawaici, littattafan ba su tsira ba. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridun Kaduna tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi, mai sukar abin da ake kira adabin kasuwar Kano, da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu, masu ganin an yi wa marubutan kuɗin goro. A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai ta jihar Kano. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa da aka ce an karɓe daga hannun ɗalibai, sannan hukumar tacewa ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta nemi marubuta su yi rajista. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar mawaƙi ClassiQ a bidiyon wata waƙa. Ko sumba ba a kai ga yi ba.

Sai dai yayin da ake gadin ƙofar gida, kasuwa ta fice ta taga. Littattafan soyayya sun koma wayar hannu, a Wattpad da Facebook da zaurukan WhatsApp, inda ake tura kuɗi ta banki a shigar da mutum ya riƙa karɓar shafi-shafi. Babu maɗaba'a, babu mai shago a kasuwa da zai duba ya ce wannan ba zai sayar ba. Wasu marubutan kan rubuta gargaɗi a sama cewa na matan aure ne kawai, abin da kowa ya san talla ce. A irin waɗannan shafuka an daina jan ƙofa, an ma cire ta, ana bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da kalmomin Ingilishi inda Hausa ta ji nauyi. Wannan aron kalma shi kansa abin dubawa ne: marubuciyar da ba za ta iya rubuta sumba da harshenta ba sai ta ari na wani, ta nuna ita ma ba ta sake da abin ba. Haka kuma sau da yawa za a iya tsallake shafi biyar na irin wannan bayani a ci gaba da labari ba a rasa komai ba, abin da ba zai yiwu da matakalar Hamida ba.

Akwai marubutan intanet, musamman mata, da ke kare kansu da cewa suna koya wa matan aure abin da iyaye ke jin kunyar faɗa, kuma mutuwar aure a Kano ba ƙaramar matsala ba ce. Hujja ce da ta cancanci a saurara. Amma koyarwa aikin littafin nasiha ne irin na Suyuɗi, mai babi da tsari. Labari yana da nasa aikin, wato ya nuna wace ce wannan mace, wane ne wannan namiji, da abin da kowannensu zai rasa idan aka buɗe ƙofa aka gan su. A 1963 aka mayar da Zuƙaƙul Midaƙ fim a Masar, mawaƙiya Shadiya ta fito a matsayin Hamida. A 1995 kuma 'yan Meziko suka ɗauke labarin kacokan suka dasa shi a wani lungu na babban birninsu, da Salma Hayek a matsayin yarinyar, suka sauya sunaye da addini da zamani, suka bar mai askin da tafiyarsa neman kuɗin aure, wannan karon zuwa Amurka.