Ciwon Bayan Ɗan Dako Ba Basir Ba Ne

Na gaji da jin magana ɗaya a bakin 'yan dako da manoman shinkafa daga Garou har kasuwar Malanville: da baya ya riƙe, sai a ce basir ne ko sanyi, a sha jiƙe-jiƙe, a ɗora da tramol, gobe a koma ɗaukar buhu. Haba jama'a! Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya a 2023, kaya suka koma tsallake kogi a kwalekwale, lodi da sauke suka ƙaru. Mutum ya wuni yana cicciɓar buhun masara mai kilo 100, sannan ya ɗora wa basir laifi?

Masana sun daɗe da auna nauyin da ɗaukar kaya ke ɗora wa baya. Akwai manhajoji irin su OpenSim ta Jami'ar Stanford a Amurka, wadda ta fito a 2007, da AnyBody da aka faro a Jami'ar Aalborg ta ƙasar Danmak. Ana gina mutum a kwamfuta da ƙasusuwansa da gaɓoɓinsa da ɗaruruwan tsokoki, a sa shi ya sunkuya yadda ma'aikaci ke yi, na'ura ta lissafa nauyin da ya sauka a kowace gaɓa.

Lissafin ba shi da wuya. Tsokokin da ke miƙar da baya tazararsu da ƙashin baya kusan santimita 5 ce kacal. Idan ka ɗaga kilo 20 a tazarar santimita 50, sai sun ja da ƙarfin kilo 200, ban da nauyin ƙirjinka da kanka. Duk wannan yana danne guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ɗauki dannin da ya kai kimanin kilo 350 a matsayin iyaka, ta kuma ce kilo 23 ne mafi yawan abin da ya dace mutum ya riƙa ɗagawa, shi ma in komai ya daidaita. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55. To ina basir a nan? Basir a dubura yake, ba ya hawa gadon baya. Tramol kuwa rufe bakin ciwon yake yi, ka ci gaba da ɓarnar ba ka ji, ƙarshe ya kama ka, har ya kai ga farfaɗiya.



Saboda haka, ɗan'uwa, manna kaya da jikinka kafin ka miƙe. Lanƙwasa gwiwa, ƙafafu su tallafa. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafa. Babban buhu a kama shi mutum biyu, ko a sa a baro. Mai dashen shinkafa da mai yankanta su riƙa miƙewa akai-akai. Idan ciwo ya sauka ƙafa da sagewa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a tafi asibiti ranar.

Ku kuma Alhazai masu kaya, ku ji tsoron Allah, ku raba buhu ya koma kilo 50. Wanda bayansa ya lalace yana da iyalin da ke jiransa, kuma ba ku za ku ciyar da su ba.